A rubuta sunanta, ba na mijinta ba

Mata da yawa a Matameye da jarinsu suke cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wasu har Daura ta Ɗan Barto. Amma in an tashi rubuta musu takardar bashi ko ta sayen kaya, sai a bi salon Faransawa: "Madam wane", da sunan miji. To, ran da aure ya mutu, ko aka zo rabon gado, dukiyar ta wa ce?

Mu dai muna ganin a sa sunanta da na mahaifinta, yadda yake a katin shaidarta. Wadda ta sauke farali Hajiya ce. Saura kuwa Malama ta isa, ba sai an tono zancen aure ba. Faransa ma ta cire "Madamazel" daga takardun hukuma tun 2012.

Iyayenmu mata, ku sa a karanta muku kafin ku dangwala hannu.