Makarantar da Ba Ta da Mai Ita

A Nassarawa GRA akwai maganar da ba a yin ta a zaure, sai a cikin mota an ɗaga gilashi. Mutumin da zai tsaya a wurin ɗaurin aure yana tir da makarantun mishan, shi ne kuma idan lokacin ɗaukar ɗalibai ya zo zai aika a sayo wa 'yarsa takardar neman shiga St. Louis ta Bompai. Ban ga laifinsa ba don ya nema wa 'yarsa abin kirki. Laifinsa shi ne ya ci moriyar abin shekara da shekaru bai taɓa tsayawa ya tambayi yadda aka yi shi ba, balle ya nemi a yi irinsa ga 'ya'yan direban da ya aika sayen takardar.

Sistocin St. Louis sun iso Kano daga ƙasar Ayilan a 1948, a zamanin da Turawan mulki suka killace 'yan mishan a wajen ganuwa, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna na cewa ba za su taɓa addini ba. Boko kuwa ya riga ya shigo mana ta hannun hukuma, tun makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a nan Nassarawa a 1909. Wannan mafari ya bar mana gado a tunani. Har yau idan aka ce makarantar boko, abu biyu muke gani: ko ta gwamnati, wadda kowa ke zagi, ko ta ɗan kasuwa, wadda kowa ke kuka da kuɗinta. Irin ta uku, wato makarantar da wata jama'a mai manufa ta mallaka, take riƙe da ita ba don riba ba, muna wuce ta kullum a hanyar Bompai kamar ba mu gan ta ba.

Hujjata ɗaya ce. Duk shirin gyaran makarantun Katolika da ya yi nasara, a nan gida ko a waje, ya yi ta ne saboda ya amsa tambayar da ma'aikatar iliminmu ke gudu: wane ne mai makarantar nan? Wato wa ke zaɓen shugabanta, wa ke iya sallamar malamin da ba ya zuwa aji, wa zai ji kunya idan yara suka faɗi jarrabawa, wa kuma zai kasance a wurin bayan shekara ashirin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makarantar gwamnati tana da kwamishina, da babban sakatare, da daraktoci, da masu duba makarantu, amma a cikinsu babu wanda yoyon ke ɗiga a kan shimfiɗarsa, domin 'ya'yansu ba sa can.

Mun taɓa gwada abin da ke faruwa idan aka raba makaranta da mai ita, kuma a faɗin ƙasa muka gwada. Bayan yaƙin basasa, a 1970, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya ta ƙwace makarantun mishan, sauran jihohi suka bi sahu. A Kaduna, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Waɗanda suka yi hakan suna da dalilansu, kuma ba na banza ba ne: ana neman haɗa kan ƙasar da ta fito daga yaƙi, ana so ɗan Musulmi ya shiga kowace makaranta ba tare da fargaba ba, ga kuɗin man fetur yana kwarara har ana ganin gwamnati za ta iya komai. An samu gine-ginen, an samu filayen, an canza allon suna. Abin da bai biyo takardar miƙa mulki ba shi ne mutumin da ke kwana a harabar, wanda ya san sunan kowane yaro, wanda ba ya jiran takardar canjin wurin aiki. Duk wanda ya san tsofaffin ɗaliban waɗannan makarantu ya ji yadda suke magana a kan jiya da yau.

Sai aka zo aka gwada komawa baya. Legas ta mayar wa mishan da sauran masu su makarantunsu a 2001. Wanda ya fi jan hankali shi ne na Anambra, inda a 2011 gwamna Peter Obi ya miƙa makarantun firamare 1,040 ga cocin Katolika da na Angilika, tare da alkawarin naira biliyan 6 na gyara. Mutane sun fi riƙe adadin kuɗin, amma tsarin ne abin lura. Gwamnati ba ta tsame hannunta ba: ita ke ci gaba da biyan albashin malamai, ita ke da manhaja. Abin da ta saki shi ne tafiyar da makaranta ta yau da kullum, aka kuma riƙa tura kuɗin gyara kai tsaye ga masu makarantun maimakon su bi ta hannun ɗan kwangila. A 2013 da 2014 Anambra ce ta zo kan gaba a jarrabawar WAEC. A 2018 wasu 'yan mata biyar na makarantar Regina Pacis ta Anacha, wadda ta Katolika ce, suka lashe zinare a gasar Technovation a Amurka da manhajar waya mai gano jabun magani.

A nan dole a yi adalci ga masu musu. Yaron da aka miƙa firamarensa a 2011 ba shi ne ya rubuta WAEC a 2013 ba, kuma Anambra jiha ce da iyaye suka daɗe suna bin boko da gudu. Za su ƙara da cewa makarantar Katolika tana tace ɗalibai da jarrabawar shiga, tana karɓar kuɗi, saboda haka 'ya'yan masu hali da masu kula take tarawa, sai a yaba mata a kan abin da gida ya riga ya yi. Wannan musu yana da ƙarfi idan ana maganar irin Loyola Jesuit ta Abuja, wadda aka buɗe a 1996, kuma talaka ba ya ko tunanin ƙofarta sai da tallafi.

Amma musun yana rushewa idan aka duba inda aka yi abin ga talakawa zalla. A 1955, a wata unguwar marasa galihu ta birnin Karakas na Benezuwela, wani fada mai suna José María Vélaz ya fara makaranta a gidan da wani magini, Abraham Reyes, ya ba shi. Daga nan aka samu ƙungiyar Fe y Alegría, wadda yau take koyarwa a ƙasashe sama da ashirin, kuma da gangan take kafa makarantunta a inda kwalta ta ƙare. A ƙasashe da dama tsarinta shi ne wanda Anambra ta bi: hukuma na biyan malamai, ƙungiya na zaɓen shugaban makaranta, tana horar da malaman, tana jawo iyaye cikin aikin. Kada a ce nisa ya yi yawa. Ƙungiyar tana aiki a maƙwabciyarmu Cadi, a yankin Mongo, inda akasarin iyayen yaran Musulmi ne. A Shikago kuma, makarantar Cristo Rey da aka buɗe a 1996 ta warware matsalar kuɗi ta wata hanya: kowane ɗalibi yana aiki kwana biyar a wata a wani kamfani, ladan ya tafi asusun makaranta. Garin da ke da Sharaɗa da Challawa da Kantin Kwari, garin da ya san yaron shago tun kaka da kakanni, bai kamata a ce Shikago ce za ta koya masa wannan ba.

Saura tsoron da ba a faɗa da ƙarfi, wato na addini. Ba na raina shi, domin kakanninmu ba su ƙi makarantar mishan don wauta ba, sun san abin da aka zo nema. Sai dai ni ban ce a miƙa makarantun Kano ga coci ba. Cewa na yi a ɗauki tsarin. Kuma mun taɓa ɗauka, da hannunmu, ba tare da ko fada ɗaya ba. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta cire su daga ƙarƙashin tafiyar hawainiyar ma'aikata, ta ba su hukumarsu mai ɗaukar malamanta da kashe kuɗinta. Ku ƙirga likitoci da injiniyoyin da ke zaune a unguwar nan, ku tambaye su inda suka yi sakandare. Abin da ya fito da su shi ne abin da ya riƙe St. Louis: an san mai makarantar, an kuma sakar masa mara.

Wani zai ce ai muna da namu, ga makarantun Islamiyya masu haɗa boko a kowane lungu. Akwai su, wasu ma suna ƙoƙari ƙwarai. Amma yawancinsu na mutum ɗaya ne, kuma ranar da Alhaji ya kwanta dama makarantar tana shiga lissafin gado tare da gidaje da gonaki. Sistar da ta zo a 1948 ba ta mallaki ko bulo ɗaya ba, shi ya sa tafiyarta ba ta rufe aji ba. Abin haushi, muna da maganin wannan a cikin fiƙihunmu tun kafin a haifi ƙungiyar St. Louis, wato waƙafi, dukiyar da ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta. Mun iya karanta babinsa a gaban malam. Kafa makaranta a kansa, da amintattu, da littafin kuɗin da ake bincika duk shekara, shi ne muka bar wa wasu.

A watan Yunin 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma ana gyaran azuzuwa, ana ɗaukar malamai. Madalla. Amma fenti yana kwana biyu ya koɗe idan babu mai cewa a sake shi. Abin da nake so in ji daga majalisar jiha shi ne doka mai ba da dama a ɗauki makarantu ƙalilan, ko ashirin ne, daga cikin waɗanda suka fi lalacewa, a damƙa su ga ƙungiyoyi masu rajista bisa yarjejeniyar shekara goma: tsofaffin ɗaliban Rumfa, ƙungiyoyin addini na Musulmi, 'yan kasuwar Kwari, har da sistocin Bompai a unguwannin da iyaye suka yarda. Gwamnati ta ci gaba da biyan albashi, mai riƙo ya zaɓi shugaba, ya kuma sami ikon mayar wa ma'aikata malamin da ba ya aiki. Sharaɗi uku ba a sassauta su: ba kuɗin makaranta, ba tace ɗalibai a ƙofa, kuma a liƙa sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗi a bangon makaranta duk shekara, inda uban da bai iya karatu ba zai sa ɗansa ya karanta masa. Wanda ya gaza a shekara uku a karɓe.

Ƙungiyar malamai za ta yi tsalle, kamar yadda takwarorinta suka yi a Kudu, kuma tana da haƙƙin a rubuta mata kariyar albashi da fansho a cikin dokar. Masu kwangilar kujeru ma za su yi tsalle, su kam ba su da haƙƙin komai. Waɗanda nake jiran in ga ko za su motsa su ne mu, mazauna wannan unguwa, domin yarjejeniyar tana buƙatar akanta da zai duba littafi kyauta, da lauya da zai rubuta takardar waƙafi, da likita ko injiniyan da zai zauna a kwamitin wata makaranta a Rimin Kebe ko Kurna ranar Asabar da safe.