Ra'ayinmu: Wanda Ya Sayi Doki, Ya Tanadi Harawa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10. Kwamfutar da ke aiki da ita ba ta mutu ba: tana kunnuwa, tana buga takardu kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da ake aikowa duk wata domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, sai fa ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Ga shi kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11.

Duniya ta riga ta ga illar sakaci irin wannan. A watan Mayun 2017, muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnatin Ingila suka soke ganawar dubban marasa lafiya da likitoci. Alhali tun watan Maris aka fitar da gyaran da zai kare su, ba a dai ɗora shi ba.

'Yan'uwa malamai, maganar ta shafe mu. A kwamfutar ofishin reshe ake ajiye sunayenmu, lambobin aiki, lissafin kuɗin ƙungiya da takardun masu jiran haƙƙin ritaya. Amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare ta a kan wanda ya tara ta. A makarantu kuwa, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin da ɗakin kwamfutar makarantarsa ya zama ma'ajiyar ƙura, da me zai gwada hannunsa?

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe da na makarantu da su ƙirga na'urorin da ke hannunsu, su rubuta shekarun kowace da manhajar da ke kanta. A ware kuɗin gyara da sabuntawa a kasafin kowace shekara. A damƙa aikin ga mutum guda sananne. A riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, a kuma sauya kalmomin sirri duk sa'ad da shugabanci ya sauya hannu. Na'urar da ta tsufa amma tana da sauran ƙarfi, a ɗora mata Linux, wadda kyauta ce.

Duk mai kawo mana gudummawar kwamfuta, mu yi masa godiya, sannan mu tambaye shi: bayan an yanke kyalle an watse, wa zai kula da ita?