Ranar da na taka tafki da ƙafata a Turkiyya

Wannan makon ku yi mini afuwa, ba zancen kwastan ko canjin sefa zan yi ba. A watan Janairu na je sarin kaya Laleli, a Istanbul. Mutumin da na shekara shida ina sayen abaya a hannunsa ɗan Kars ne, can gabas kusa da iyakar Armeniya, kuma ya daɗe yana cewa sai na je garinsu. Ni kuwa ina son ya fara ba ni kaya bashi. Kun san wanda ke neman a yarda da shi ba ya ƙin gayyata.

Daga Ankara muka hau jirgin ƙasa, yini da kwana muna tafiya. Daga Kars kuma muka ɗauki mota zuwa tafkin Cildir, wanda ke kan tsauni, kusan mita 1,960 sama da teku. Da hunturu gaba ɗayansa yake daskarewa, har dawakai ke jan keke marar taya a kansa. Ni da na saba da zufar Kwatano, takalmin fata na sa, mai santsi. Sau biyu ina faɗuwa tun ba mu bar gaɓa ba, sai da ƙanin abokina ya ara mini nasa.

Shi ƙanin masunci ne. Da gatari da shebur suke fasa ƙanƙarar, su zura raga ta wannan rami, ta fito ta wancan, su bar ta, su dawo su ja da hannu cikin ruwan da ke yanka fata. Abin da ya fi fitowa shi ne wani kifi mai ruwan ɗorawa, irin wanda ake soya wa baƙi a bakin tafkin. Amma ni wanda na ji labarinsa nake so, alabalik a bakinsu, mai ɗigo-ɗigo a jiki, da ke son ruwa mai sanyi mai gudu.

Na nuna wajen da wani rafi ke shigowa, na ce mu gwada can. Masuncin ya ce: "Alhaji, kifin na son can, amma ruwan da ke motsi ba ya barin ƙanƙara ta yi kauri." Ya ce mutum ɗaya a ƙafa yana bukatar kaurin santimita 10 aƙalla, kuma ido ba ya aunawa, sai an huda. Bai gama rufe baki ba ƙanƙarar ta yi wani irin gurnani a ƙarƙashinmu. Wallahi sai da na karanto duk addu'ar da na sani. Su kuwa dariya suka yi, wai haka take yi in sanyi ya ƙaru.

Daga nan ban ƙara ba da shawara ba. Inda ya sa ƙafa nan nake sawa, har muka koma. Alabalik bai fito ba ranar. Mun ci soyayyen mai ruwan ɗorawan da burodi da shayi, na yi alwala da ruwan da aka ɗumama mini a murhu.

Bashin kuwa an ba ni, dila biyu, zuwa bayan ƙaramar salla. Da na nuna wa uwargida hoton, cewa ta yi: "Alhaji, yanzu da ka nutse, wa zai biya kuɗin makarantar yaran nan?" Har yau ban ba ta amsa ba.