A riƙa kai yaranmu su ga jami'a kafin su zaɓa

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi kira ga iyaye da shugabannin makarantun sakandare na Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura.

Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke zaɓar jami'a a gaban kwamfutar mai cike fom ɗin JAMB. Layi ya yi tsawo, mai cikewa na gaggawa, sai yaro ya ambaci makarantar da abokinsa ya zaɓa, alhali bai taɓa taka ƙofarta ba. Bayan kuwa akwai makarantu kusa da mu: ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura da aka kafa a 2021, ga Kwalejin Hussaini Adamu a cikin Kazaure. Dutse ma ta samu jami'ar tarayya tun 2011.

Kafin rajistar bana na ɗauki 'yar ƙanwata muka zagaya wasu daga cikinsu. Yarinyar da ba ta iya kallon idon babba, sai ga ta tana tsare ɗalibai mata da tambaya: mutum nawa ne a ɗaki? Ina kuke samun ruwa? Ana barin 'yan aji ɗaya su taɓa kayan ɗakin gwaji? A hanyar dawowa ta ce, "Kawu, yanzu na san abin da nake so." Gani ya kori ji.

Na san ba kowane gida ke da kuɗin mota ba. Don haka nake roƙon ƙungiyoyin iyaye da malamai su haɗa kuɗin bas, su kai 'yan ajin ƙarshe ziyarar yini ɗaya kafin a buɗe rajista, musamman 'yan matan ƙauyukan Gwiwa da Roni.

Naka,
Mai karatunku daga Roni, Jihar Jigawa