Gida da Lambu: Kare Ƙananan Tsirrai daga Ruwan Damina



Duk wanda ya buɗe littafin aikin lambu da aka buga a Faransa zai tarar da gargaɗi mai yawa a kan sanyin da ke daskarar da raɓa, ya kashe tsirrai cikin dare ɗaya. Masu lambu a can sukan jira ranakun 11 zuwa 13 ga Mayu su wuce kafin su dasa tumatir a fili. Mu nan Duwala ba mu san wannan sanyi ba. Abokin gābar lambunmu shi ne ruwan sama. Garin nan yana samun ruwa fiye da milimita 3,500 a shekara, wato kusan ninki huɗu na abin da Kano ke samu, kuma ya fi zuba da ƙarfi a watannin Yuli da Agusta.

A unguwanni irin su Ndogpassi da New Bell, inda wurare da dama ke cikin kwari, uwargida kan shuka alayyafo, yakuwa, lalo da kuɓewa a ɗan filin bayan ɗaki domin ta rage zuwa kasuwa. Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye an tarar da tsirran a kwance cikin laka. Ke nan an yi asarar iri da wahalar mako uku, an kuma koma sayen ganyen miya da tsada.

Ɓarnar ruwa iri uku ce. Ɗigonsa yana bugun ƙasa da ƙarfi, ya tone saiwa, ya fantsama laka mai ɗauke da cuta a kan ganye. Ƙasarmu kuma rairayi ce, ruwa yana wanke takin da ke cikinta ya gangara da shi. Na uku, idan ruwa ya kwanta, saiwa ba ta samun iska, gindin tsiro ya ruɓe ya faɗi.

Maganin farko shi ne ɗaga ƙasa. A yi kunya mai tsawon santimita 20 zuwa 30, a buɗe wa ruwa hanya a gefenta. Wanda gidansa ke cika da ruwa ya zuba ƙasa da taki a tsohon buhun shinkafa, ya huda ƙasansa, ya ɗora a kan bulo. Inda aka yafa iri kuwa, a kafa 'yar rumfa ta ganyen kwakwar manja, tsayinta kamar mita ɗaya. Tana karya ƙarfin ruwa, haske kuma yana ratsawa. Idan tsirrai suka yi ganye huɗu ko biyar, a riƙa rage ganyen rumfar kaɗan-kaɗan har su saba da rana.

Magani na biyu shi ne lulluɓe ƙasa da ciyawa, abin da ake kira paillage da Faransanci. Ciyawar da ake sarewa a filayen makarantu da harabar gidaje ana zubarwa ko a ƙone, dukiya ce ga mai lambu. Amma tana da ƙa'ida. Kada a shimfiɗa ta ɗanya da kauri, domin takan dunƙule, ta ɗauki zafi, ta yi wari, ta hana iska shiga ƙasa. A baza ta a ƙarƙashin rumfa kwana biyu ko uku ta sha iska tukuna. Sannan a shimfiɗa ta kaurin yatsu biyu zuwa uku, a bar tazarar yatsu uku tsakaninta da gindin shuka. Kada a rufe irin da bai fito ba da ita. A jira tsiro ya kai tsawon tafin hannu.

A guji ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya, don kada a shuka wa kai aikin cira. A guji wadda aka fesa wa maganin kashe ciyawa, da wadda aka saro a bakin kwata, tunda ganyen nan cikinmu da na 'ya'yanmu zai shiga. Da damina kuma a riƙa ɗaga ciyawar da sassafe ana dubawa, saboda dodon koɗi yana son ɓuya a ƙarƙashinta, da dare ya fito ya cinye tsirrai.

Amfanin wannan shimfiɗa ba ya ƙarewa da damina. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ya ja baya, ita ce ke riƙe danshi, ban ruwa ya ragu. A hankali kuma tana ruɓewa ta zama taki, tsutsar ƙasa ta yawaita, rairayin ya fara yin baƙi. A zafi da danshin Duwala ciyawa ba ta daɗewa, don haka a ƙara sabuwa duk bayan 'yan makonni.

Shawara ta ƙarshe: tumatir ba ya jure ruwan Agusta, gara a bar shi sai damina ta ja baya. Alayyafo, lalo da shuwaka, wadda maƙwabtanmu ke miyar ndole da ita, su ne suka fi dacewa da wannan lokaci. A sa yara cikin aikin, su tara ciyawa, su koyi shimfiɗa ta. Da sannu za a ga kwandon cefane ya yi sauƙi.

Allah ya sa albarka a abin da muka shuka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.