Ba Hunturu Ne Ya Kashe Maka Batir Ba



A watan Janairun da ya wuce, kafin kiran sallar asuba, maƙwabcina ya buga mini ƙofa: naƙuda ta kama matarsa, mota kuma ta ƙi tashi. Ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas kawai kake ji. Motar otomatik ce, ba ta tashi da turi. Sai da muka fita har bakin titi muka tare adaidaita sahu. Allah Ya sauke ta lafiya. Washegari da aka zauna barka, kowa ya yanke hukunci: wani ya ce sanyi ne, wani ya ce batirin zamani duk jabu ne.

Ni ban yarda ba. Batirin nan tun bazara ya kwanta ciwo, hunturu dai ya zo ya tarar da shi yana shure-shuren mutuwa. Laifin kuma namu ne kafin ya zama na kamfani.

Batirin mota na yau da kullum tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro ta a 1859. A cikinsa akwai ɗakuna 6, kowanne da faranta na dalma a tsome cikin ruwa mai haɗe da asid. In ya cika da caji, mita za ta nuna wajen bolt 12.6. Zafi kuwa yana yi masa ɓarna ta hanya uku: yana ƙone ruwan har farantan su leƙo waje, yana hanzarta cinyewar dalmar, yana kuma zuƙe cajin ko motar tana ajiye. Ƙiyasin masu sana'ar shi ne, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana iya rage rabin rayuwar batir. To, Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, a inuwa ma ke nan. Ƙara da zafin inji a ƙarƙashin bonet cikin cunkoson Kantin Kwari da azahar. Shi ya sa batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a ƙasa mai sanyi, a nan in ya yi biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari.

Me hunturu ya yi ke nan? Da sanyin asuba man inji kan yi kauri, ƙarfin batir kan ɗan ragu. Lafiyayyen batir ba ya ko gezau da sanyinmu, wanda bai kai ya daskarar da ruwa ba. Wanda bazara ta riga ta cinye ne ke faɗuwa.

Za a ce mini ai akwai jabu a kasuwa. Akwai, ban musa ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma mu dubi abin da muke yi da hannunmu. Ruwan batir ya ragu, sai mu zuba masa fiya wata ko ruwan rijiya, alhali gishirin ma'adinan da ke cikinsu yana lalata farantan. Wani ma asid yake sa a ƙara masa, wai don ya ƙara ƙarfi. Ruwa ne ya ƙone, asid yana nan, don haka tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, daidai layin da aka shata. Kan batir ya yi farin gari, maimakon a wanke, sai a ɗauki dutse a bubbuga. Ƙarfen da ke ɗaure batir ya ɓace tun bara, yana ta tsalle a ramukan hanya, farantansa na kakkaryewa. Mafi muni, mai rewaya ya cire kan batir inji na aiki wai yana gwada altaneta. A motocin yanzu masu kwamfuta, wannan gwajin na iya ƙona abin da ya fi batirin tsada nesa ba kusa ba. Mita ce ke yin wannan aikin: inji na aiki ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. In ta zarce haka da yawa, altaneta na dafa batirin ne.

Sai kuma mai sayen na hannu don ya fi sauƙi. Araha ba ta ado. Ba ka san shekarunsa ba, ba ka san wuyar da ya sha ba. Sabon ma, duba ranar da aka ƙera shi, domin wanda ya daɗe a shago cikin zafi ya fara tsufa tun kafin ka biya kuɗi.

Rigakafin ba shi da wahala. Ka ajiye mota a inuwa in da hali. Daga Maris zuwa Mayu ka riƙa duba ruwan duk wata, in batirinka mai murfi ne. Ka goge ƙurar samansa, ka wanke kawunansa da bekin soda da ruwa ba tare da ya shiga ciki ba, ka shafa basilin. Kada ka bar mota a ajiye makonni ba tafiya, tafiyar minti biyar kuma ba ta mayar da cajin da tayarwa ta ci. Batir ya shekara biyu, ka sa a gwada shi a ƙarshen damina, kada ka jira ranar naƙuda. In ya mutu, ka mayar wa masu saye, kada a fasa shi a tsakar gida. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga haƙar zinare ta fito, amma dalmar ita ce dai a cikin batirinka.

Me ya kawo wannan magana zauren marubuta? Saboda mu ne masu yaɗa ruɗanin. Ɗan uwanmu zai ɗauko shawarar da aka rubuta domin mutanen Kanada, ya juya ta Hausa, yana gargaɗin Bakatsine kan ƙanƙara. A labaranmu kuwa, motar Alhaji ba ta taɓa ƙin tashi, kullum sai sheƙi da sanyin esi. Ga mai rewaya nan a bakin layinku, shekara da shekaru yana buɗe bonet. Ka je ka zauna da shi yini guda, ka tambaye shi a wane wata batira suka fi bushewa, ka ga yadda zafin garinku ke cin dalma, sannan ka dawo ka rubuta mana.

Wanda yake da ja, ga fili.