Saƙon likita ba na ajiya ba ne

Ɗan'uwa manomi, in damana ta kankama, aikin gona kan sa uwa ta manta ranar awon yaro. Allurar sati 6, 10 da 14, har ta ƙyanda ta wata 9, sai su wuce.

A ganinmu, ya kamata likita ya riƙa aiko saƙo ta salula in ba a kawo yaro ba, cikin Hausa kuma, ba Faransanci ba. Amma salula galibi tana aljihun maigida. To, kai da ka yi yaƙi da jahilci, ba likita lambarka. In saƙo ya zo, karanta ma uwargida, na maƙwabci ma karanta masa.

Ko ranar ta wuce, ku kai yaron. Ba a sake allura daga farko, inda aka tsaya ake ci gaba.